Gafarar da Na Hana Yaya Babba

Yayanmu babba ne ya hana a yi wa ɗiyata dashen ƙoda a karon farko, kuma bai yi ƙarya ko ɗaya ba wajen hanawar. Wannan ne abin da har yau ya fi ƙona min rai. Da ƙarya ya shara, da na san inda zan kama shi.

Na ce ɗiyata, amma ba ni na haife ta ba. 'Yar ƙaramin yayana ce, wanda nake bi, kuma ita ce 'yar farinsu. Mu uku iyayenmu suka bari a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan: Yaya Babba mai rumfar albasa a kasuwar Shasha, sai uban yarinyar da ke yi masa aiki, shi ke tarbar motoci idan sun iso daga arewa, sai ni auta. Ni a nan Ibadan aka binne cibiyata, na yi boko har sakandare, Yarabanci kuwa idan ina zazzaga shi a kasuwa sai an kalli hijabina ake gane Bahaushiya ce. Uwar yarinyar ba haka take ba. Daga wani ƙauye can arewa aka kawo ta, kuma ta zo da kunyarta cikakkiya. Ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, idan ana hirarta sai ta tashi ta nemi abin yi a madafi. Mu 'yan Sabo mun saki wannan al'ada rabi da rabi, ita kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Har tsokanarta nake yi, in ce, "Matarmu, wai ya ma sunan yarinyar nan? Na manta." Sai ta jefe ni da ludayi.

Da aka yaye yarinyar aka kawo min ita, kamar yadda aka saba ba goggo 'yar fari, balle ni da Allah bai ba haihuwa ba. Gidan mijina da gidanmu lungu ɗaya ne ya raba su. Tun tana goye muka gane ba kamar sauran yara take ba. Irin yaran nan ce masu zagayayyar fuska da 'yan ƙananan idanu, waɗanda hankalinsu ke girma a hankali, ba ya gaggawa. Ta daɗe ba ta yi tafiya ba, ta daɗe ba ta yi magana ba, amma da bakin ya buɗe sai ta rama. Duk wanda ya wuce ƙofar gidana sai ta gaishe shi, Bahaushe da Hausa, Bayarabe da Yarabanci, ba ta taɓa haɗa su ba. Ina ɗinkin hijabai a gida, ita ce mai ware min maɓallai kala-kala a gindin keke. Idan makaɗan Yarabawa suka bi ta titi za su Mokola, to an gama aiki ke nan, sai ta watsar da maɓallan ta miƙe tana juya ƙugu har mata su fito leƙe. Yaya Babba bai taɓa kiranta da sunanta ba, shi kuma ba don kunya ba. 'Yar ruwa yake ce mata.

Ta kai wajen shekara goma ciwon ya zo. Fuska ta kumbura, ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ja baya. Muka yi ta yawon magani har aka tura mu wani asibiti can gaban Ojoo, inda aka ce ƙodojinta biyu sun gaji. Aka fara yi mata wankin ƙoda. Wanda bai taɓa ganin an jona yaro da wannan inji ba, Allah ya sa kada ya gani. Tana tafiya da ƙafarta, ta dawo a kafaɗata kamar tsumma. Aka hana ta gishiri, aka auna mata ruwan sha. Yarinyar da ke son kunun aya kamar ranta sai dai ta lashi murfin kwalba.

Ana cikin haka sai ga sauƙi ya leƙo. Wata ƙungiya ta ɗauki nauyin yi wa yara 'yan kaɗan dashen ƙoda a asibitin, muddin a dangi akwai mai bayarwa. Ni na fara miƙa hannu aka ɗebi jinina, bai dace ba, na yi kuka har mijina ya ji kunyar mutane. Uwar tana da ciki a lokacin. Da aka gwada uban, likita ya ce kamar an auna. Saura kawai a zauna da kwamitin likitoci, su ga iyalin, su tabbatar akwai mai kula da yarinya, domin bayan dashe magani ne kullum har iyakar rai, ba fashi.

Ranar zaman, Yaya Babba ya ce motocin albasa sun iso, uban yarinyar ya tafi Shasha, shi zai wakilci gida tunda shi ne babba. Ba wanda ya ga aibu a ciki, haka aka saba. A ƙofar ɗakin aka ce mutum biyu za su shiga. Na miƙe, ya ce, "Ke auta, zauna ki riƙe ta. Uwa da shugaban gida ake nema." Na zauna a benci da yarinyar a cinyata. Ya shiga da uwar, matar da ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarabanci, shi ne bakinta, shi ne kunnenta. Da suka fito ya ce an ce mu jira. Daga baya aka ce ba a ɗauke ta ba. Muka ce haka Allah ya so, muka koma kan inji.

Damina ta wuce, wata daminar ta kusa zagayowa, kafin in san abin da ya faru a ɗakin nan. Wata nas Bayarabiya ce a ɗakin wankin ƙoda, mun saba har muna musayar labarin tsadar atamfa. Ran nan tana gyara wa yarinyar allura, uwar kuma tana can bakin taga ta ba mu baya kamar kullum, sai nas ɗin ta rage murya ta ce min da Yarabanci, "Anti, don Allah kada ki ji haushi. Me yarinyar nan ta yi wa uwarta haka?" Na ce kamar ya? Ta ce ai tana cikin ɗakin ranar. Babban wanmu ya gaya wa likitoci cewa uwar ba ta taɓa faɗin sunan yarinyar ba tun da ta haife ta. Cewa ana yaye ta aka ba da ita, ba ta ƙara kwana ɗakin uwarta ba. Cewa uban ma ga shi bai zo ba, yana kasuwa. Likitocin suka juya ga uwar suka ce ta faɗi sunan 'yarta, shi ya fassara mata, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Suka sake tambaya, ta juya fuska bango. Shi ke nan aka rufe maganar.

 Kowace magana da Yaya ya faɗa gaskiya ce. Abin da ya rage kawai ya ƙara kalma biyu, ya ce al'adarmu ce, kunya ce, ba ƙi ba ne. Ya sani sarai, uwarmu da ta haife shi ta mutu ba ta faɗi sunansa ba. Ya san wannan matar kullum da safe sai ta aiko min da kwanon abinci marar gishiri, ta ce wai nawa ne. Ya san ita ma ta daina cin gishiri tun ranar da aka hana yarinyar. Ya haɗiye duk wannan, ya bar baƙi su karanta kunyar baiwar Allah a matsayin ƙiyayya.

Su ma likitocin ban wanke su ba. Da yarinya ce mai zuwa ta ɗaya a aji, mai gaishe su da Turanci, da sun aika a kira uban, da sun leƙo benci sun tambayi matar da ke rungume da ita wace ce. Sun yi saurin yarda ne don dama zuciyarsu tana neman dalili. Na koma na yi musu bayani da duk harshen da na iya. Wani babba a cikinsu ya saurare ni da ladabi, ya ce ya fahimta, amma shugaban iyali ne ya yi magana, sai shi zai warware ta. Ya ƙara da cewa wuraren kaɗan ne, dole a duba wanda zai fi amfana. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, amfana da me? Numfashi ne, kowa iri ɗaya yake ja." Ya yi murmushi irin na wanda ya saba da mata masu hayaniya.

Na gaya wa uban. Mutum ne da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, ya zauna ya yi ta hawaye. Na ja shi har gaban Yaya Babba. Wallahi Yaya ko musu bai yi ba. Yana tauna goro ya ce, "Ke, abeg, ki yi min shiru. Namiji mai ƙarfi, mai ciyar da gida, a farke shi a cire masa ƙoda saboda 'yar ruwa? Ko an sa mata, likita za ta zama ko lauya? Ni ceton ɗan'uwana na yi." Bai faɗi wa zai tarbar masa motoci idan ɗan'uwan yana kwance ba, amma ni na ji ta a ƙarƙashin maganar. Uban ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Yaya." Uwar kuwa ban gaya mata ba. Na kasa.

Daga ranar na daina faɗa. Mutanen lungunmu har suna cewa auta ta yi sanyi. Ban yi sanyi ba, na ji labari ne cewa Yaya Babba ya biya kujerar Makka. Kuma na san al'adar Sabo: maniyyaci ba ya tashi sai ya tara dangi da maƙwabta ya nemi gafara, kowa ya ce ya yafe. Kwamitin ma ya kusa sake zama. Na riƙa gaishe shi har ƙasa, ina tambayar shirye-shirye. Ni na ɗinka wa matarsa hijabin walima, kyauta. Kowane ɗinki da na taka, da abin da zan faɗa nake taka shi.

Ranar ta zo, bayan la'asar. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu, mata ta ciki, maza daga bakin zaure har waje, limamin masallacin lungunmu yana gaba. Na sa atamfata mafi tsada. Na ci waina na ƙoshi tukuna, don ban ga dalilin da zan yi rigima da yunwa ba. Yarinyar tana jingine da ni, ranar an yi mata wanki, ko kanta ba ta iya ɗagawa sosai. Yaya Babba ya miƙe cikin farar shadda, ya karya murya, ya ce shi baƙon Allah ne, bai san ko zai dawo ba, duk wanda ya yi wa laifi da sani ko da kuskure ya yafe masa. Gida ya ɗauka, "Mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na jira muryoyin suka kwanta.

Na ce, "Yaya, ni ban yafe ba."

Kun san shirun da ake yi idan tukunya ta faɗi a gidan biki, kafin a san ta wa ce? Irinsa aka yi. Wata tsohuwa ta ja min zane, tana cewa ke auta, ba a yi, ba a yi. Yaya ya yi dariyar yaƙe ya ce ƙuruciya ce. Liman ya ɗaga hannu ya ce a bar ta, mai haƙƙi ba a rufe masa baki, me ya yi miki? Na miƙe na faɗa tun daga benci har bango. Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba, na jera maganganunsa ne kamar yadda nake jera maɓallai, har da ta likita ko lauya. Na ce, "Ga ta nan. Ku dube ta da kyau. Wannan ce za ka tsallake ka je ka ɗaga hannu a Arfa."

Abin da ban shirya masa ba shi ne uwar. Tana bakin madafi da jaririnta a baya, a nan ta fara jin abin da aka faɗa a kanta da abin da shirunta ya jawo. Ba ta yi kuka ba. Ta dafa bango ta zame ta zauna. Wannan kam ya sosa min rai, amma ban janye ba.

Liman ya juya ga Yaya ya ce masa, a gaban kowa, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, haƙƙin mutum kuwa ba ya wankuwa da tafiya, sai mai shi ya sauke. Na ga gumi yana bin wuyan farar shaddar. Ba tsoron bakina ne ya kama shi ba, na sani. Tsoron ya kashe dukiya ya dawo hannu wofi ne, da tsoron abin da za a faɗa a rumfunan Shasha kafin gari ya waye. Ya ce me nake so. Na ce ya koma ɗakin da ya ɗaure maganar ya kwance ta, ni kuma a ciki, ba a benci ba.

Muka koma. Wannan karon ba wanda ya ce mutum biyu, na shige gaba kafin a ce. Uban ya zo, ko motar albasa ɗari ce ta iso. Na zaunar da yarinyar a kujerar gefe, na ba ta maɓallai a murfin gwangwani. Yaya ya yi bayaninsa da Turanci, yana cin rabin kalmomin. Na ce ya maimaita da Yarabanci don nas-nas, ya maimaita. Na ce saura Hausa, don mai abin ta ji. Ya kalle ni kamar ya haɗiye ni. Ya faɗa, cewa ya san kunya ce, ya ɓoye. Ban taɓa jin daɗin harshen uwata kamar ranar ba.

Babban likitan nan ya gyara tabarau ya ce ya ji, amma har yanzu yana da tambaya: yarinya irin wannan ba za ta taɓa iya kula da maganinta ba. Na ce wane ɗan shekara goma ne a cikin waɗanda kuka ɗauka yake kula da nasa? Duk iyaye ne ke ba su. Wannan tana da uwa biyu. Ya kalli uwar, ya ce in tambaye ta ko tana da abin faɗa. Na fassara mata ba ƙari ba ragi.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Ga mijinta, ga wan mijinta, ga baƙin maza, duk waɗanda a gabansu aka hore ta tun tana yarinya kada ta yi abin da take shirin yi. Sai ta ɗaga kai ta juya wajen kujerar gefe, ta kira sunan. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yarinyar ba ta waiwayo ba, ta ci gaba da ware maɓallanta, don kunnenta bai san sunan da wannan muryar ba. Uwar ta sake kira, da ƙarfi. Yarinyar ta ɗago, ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan uwarta. Sai ta juyo gare ni, ido waje.

"Goggo," ta ce, "ashe ta san sunana!"

Ban fassara wa likitocin wannan ba. Ba zan iya ba, kuma ba su nema ba.

An ɗauke ta. An yi aikin bayan Babbar Sallah, uban ya ba da ƙodarsa ya tashi lafiya, yana nan yana aikinsa, a rumfar wani. Ita ma tana nan, tana shan kunun aya, magani kuma ni da uwarta muke ba ta, ba mu taɓa tsallake rana ba. Amma zaman da ta yi a kan inji tana jiran Yaya ya ga dama ya ci mata ƙafafu. Idan makaɗa suna wucewa yanzu sai dai ta kaɗa kafaɗa daga zaune. Wannan ba wanda zai biya ni shi.

A ƙofar asibitin, ranar da muka koma gaban kwamitin, Yaya ya tare ni ya ce, "To, yanzu kin yafe?" Na ce haƙƙin ba nawa ba ne, ga mai shi can. Sai da ya durƙusa da shaddarsa a gaban 'yar ruwa, ga masu baburan okada suna kallo, ya kira ta da sunanta ya ce ta yafe masa. Ko tunani ba ta yi ba. Ta ce ta yafe, ta gyara masa hula. Na ji haushin wannan arhar har cikin raina. Nawa kason kuwa yana nan a ajiye, ya tafi Makka ya dawo bai ji shi daga bakina ba.

Uwar ta koma kunyarta, ba ta ƙara faɗin sunan ba, sau biyun nan ne. Yarinyar kuwa ta riƙe su. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ta ba shi labari: Innata ta san sunana, ta faɗa a asibiti. Idan Alhaji ya zo gaisuwar Sallah, don yanzu Alhaji ne, nakan shimfiɗa masa darduma mai kyau, in kawo masa ruwan sanyi, in zaunar da ita a gabansa. In ce, "Ɗiyata, ba wa Baba Alhaji labarin nan." Ta ba shi tun daga farko, yana kallon ƙasa. Idan ta gama ya yunƙura zai tashi, sai in ce, "Zauna, Yaya. Sake faɗa masa, bai ji sosai ba."